Akwatin kifin ya dushe? Kada ku yi saurin kai shi sito

Tambayar wannan makon daga Tsafe ta zo mana. Wata ɗaliba 'yar kulob ɗin kimiyya ta ce suna da akwatin kiwon kifi a ɗakin gwaje-gwaje, irin na robar nan mai kama da gilashi, amma jikinsa duk ya kakkarce ya yi fari-fari, sai an leƙa ta sama ake ganin kifin. Har an fara maganar a kwashe kifin a kai akwatin sito. Tana son ta ji ko akwai magani.

Akwai, kuma ba sai an jira gwamnati ta turo sabo ba. Mun san yadda sito yake a makarantunmu, abin da ya shiga da wuya ya sake fitowa. Idan akwatin ya tafi, 'yan ajin da ke biye da ku a allo kawai za su ga karfasa, a zane da alli, ba za su taɓa tsayawa su ƙirga sau nawa take buɗe murfin kumatunta a minti ɗaya ba. Don haka muka ga ya dace mu ba wannan tambaya shafin gaba ɗaya.

Kafin komai a tabbatar da abin da aka yi akwatin da shi, domin duk abin da za mu faɗa a nan bai shafi gilashi ba. Ku ƙwanƙwasa jikinsa da farce ko da makulli a hankali. Gilashi yana ba da ƙara mai kaifi, roba kuwa sautinta a dakushe yake. Ku duba bakinsa daga gefe: na gilashi yakan yi kore-kore, na roba fari ne tas. Ku ɗora tafin hannu da sassafe, gilashi zai yi sanyi ƙalau, robar ba za ta kai shi ba. Idan babu ruwa a ciki ku ɗaga, domin nauyin wannan roba bai kai rabin na gilashi mai girma ɗaya da ita ba.

Sunanta akirilik, wasu masu rubuta allon talla kuma suna kiranta da sunan kamfani, Perspex. A Jamus aka fara fitar da ita kasuwa a 1933 da sunan Plexiglas, daga kamfanin wani masanin haɗa sinadarai mai suna Otto Röhm, sannan Ingila ta biyo baya da nata Perspex ɗin. A Yaƙin Duniya na Biyu da ita aka riƙa yin rumfar da matuƙin jirgin yaƙi ke kallo ta ciki, saboda ba ta da nauyi kuma ba ta tarwatsewa irin ta gilashi. Daga nan ne ma wani likitan ido a Landan, Harold Ridley, ya lura cewa matuƙan da ɓarɓashinta ya shiga idonsu, idon bai ƙi shi ba kamar yadda yake ƙin wasu abubuwan. A 1949 ya yi amfani da ita ya sanya wa wata mai yanar ido ƙwayar tabarau a cikin idonta, kuma har yau ana irin wannan aiki da ita a ƙasashe da dama. Kashi 92 cikin ɗari na hasken da ya faɗo mata yana wucewa. Manyan gidajen kallon kifi na duniya da ita suke yin bango. Na Okinawa a Japan, wanda aka buɗe a 2002, kaurin bangonsa santimita 60 ne, wato rula biyu irin taku ta cikin jaka, amma ana ganin kifi ta cikinsa garau.

Aibinta guda ne babba: taushi. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 gwargwadon wanda ke iya karce wani. Hoda tana 1, daiman yana 10. Farcen mutum yana wajen 2 da rabi, akirilik yana kusa da 3, gilashin taga yana wajen 5 da rabi. Akwai kuma wani farin ma'adini mai ƙyalli da ake kira kwaz, shi yana 7. Ku riƙe wannan lamba, domin a kanta duk labarin ya rataya.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gusau zuwa Tsafe ya ga dutsen Kwatarkwashi. Idan kuka ɗauki gutsuren irin wannan dutse kuka duba shi a rana, za ku ga 'yan ƙwayoyi masu sheƙi kamar gishiri, to kwaz ke nan. Rana da ruwan sama suna ta marmashe duwatsu shekara da shekaru, sauran ma'adinan su ruɓe su zama laka, shi kuwa kwaz saboda taurinsa sai ya rage. Yashin da tifofi ke ɗiba a bakin gulbi a Gusau da Bunguɗu yawancinsa shi ne. Ƙurar hunturu ma, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashinsa. Ita ce take sauka a kan bencinku tun daga Nuwamba har zuwa Maris.

To ku haɗa lissafin. Ƙura ta sauka a jikin akwatin. Mai shara ya zo da safe da kyakkyawar niyya, ya ɗauki busasshen tsumma, ko dasta mai garin alli, ko ma gefen hijabi, ya goge. Abin da ya yi shi ne ya ja dubban 'yan duwatsu masu taurin 7 a kan fuska mai taurin 3. Ga wani ƙarin: akirilik idan aka goge shi a bushe yana tara lantarkin nan na gogayya, irin wanda ke sa biro ya ɗauki gutsuren takarda bayan an goga shi a gashi, kuma a busasshiyar iskar hunturu abin ya fi ƙarfi. Ana gama gogewa sai ya janyo sabuwar ƙura. Gobe a sake. Kafin zango biyu akwatin ya yi hazo. Daga ciki kuma, idan gansakuka ta yi kore aka sa soson ƙarfe aka kankare, ko ƙwayar yashin ƙasan akwatin ta maƙale a soso, an yi masa tsagen da ya fi na waje zurfi.

Me ya sa karce yake yin fari alhali robar ba ta da launi? Fuska mai santsi tana barin haske ya wuce a miƙe. Karce kuwa ɗan kwari ne mai gefuna masu kaushi, haske ya faɗa ciki sai ya watsu ta ko'ina, idonka ya ga fari. Ku gwada wannan: ku ɗiga ruwa a kan karcen, za ku ga ya kusa ɓacewa. Dalili shi ne yadda ruwa ke lanƙwasa haske ya fi kusa da na akirilik a kan na iska. A littafin fiziks ɗinku lambar iska 1.0 ce, ta ruwa 1.33, ta akirilik 1.49. Shi ya sa ƙananan karcen da ke ciki ba sa damun kowa idan akwatin ya cika, sai an zubar da ruwan suke bayyana. Wannan ya rage muku aiki: ku fara da waje, ku cika shi da ruwa ku duba, wataƙila cikin ba ya buƙatar komai.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su gane ba. Ba a cike karce, ba a kuma wanke shi. Abin da ake yi shi ne a rage tudun da ke kewaye da kwarin har ya sauko daidai da gindinsa. Ana goge babban karce da ƙananan karce masu yawa, su kuma a goge su da waɗanda suka fi su ƙanƙanta, a yi ta sauka har a kai inda karcen ya yi ƙanƙantar da haske ba ya tuntuɓe da shi. Kayan aikin kuwa samfefa ce, amma ba irin ta kafinta mai kaushi ba. Ana neman baƙar nan ta ruwa da masu fentin mota ke amfani da ita, a shagunan masu sayar da fentin mota ake samunta. A bayan kowace akwai lamba, kuma iya girman lambar iya laushin samfefar. Ƙwayar yashin mai lamba 400 kaurinta kusan rabin silin gashi ne, wajen maikiron 35. Ta 800 wajen 22, ta 1200 wajen 15, ta 2000 wajen 10. Maikiron ɗaya shi ne milimita ɗaya a raba ta gida dubu.

Farce ne zai gaya muku inda za ku fara. Ku ja shi a gicciye a kan karcen. Idan ya wuce sumul bai ji komai ba, ba ku buƙatar samfefa sam, man gogewa kawai ya isa. Idan ya ɗan ji shi kaɗan, ku fara da 1200. Idan ya maƙale, sai 600 ko 800, wanda ya yi zurfi sosai kuma 400. A ra'ayinmu gara a fara da mai laushi a ga ta kasa, sannan a koma mai kaushi, domin abin da samfefa ta ci ba ya dawowa.

Kifin su ne farko. A ɗebi ruwan akwatin a zuba a bokiti mai tsabta wanda bai taɓa ganin sabulu ba, a sa su ciki, a rufe da raga ko kwando, musamman idan tarwaɗa ce, domin tsalle take yi ta fice. A ajiye a inuwa. Sannan a kwashe ruwan da yashin duka kafin a motsa akwatin. Kada wani ƙarfafa ya ce zai ɗaga shi da ruwa: lita ɗaya kilo ɗaya ce, akwati mai tsawon santimita 60 da faɗin 30 da tsayin 30 yana cin lita 54, ya fi buhun siminti nauyi, kuma idan ya murɗe a hannu mahaɗarsa ce za ta buɗe. A ɗauraye shi da ruwa mai yawa, a kwarara, kada a goga, har sai ƙura ta tafi.

A yanka samfefar ƙanana, a jiƙa ta a ruwa kamar minti 10, a naɗe ta a jikin wani abu mai shafaffen ciki, irin babban kilina na goge fensir ko guntun silifas. Da yatsa zalla ba ta ci daidai, tana yin rami. A riƙa gogawa a miƙe, gaba da baya, ba zagaye ba, hannu sakwa-sakwa, ɗaya yana zuba ruwa da buta ba ƙaƙƙautawa. Ruwan yana wanke garin robar da ke fita kamar madara, yana kuma hana zafi, domin akirilik yana fara laushi tun wajen digiri 100, kuma gogayya a bushe tana iya kai fatar saman can ta narke ta yi dabbare-dabbare.

Idan karcen ya ɓace, wurin zai yi fari kamar an shafa masa koko. A nan ne zuciya ke tsinkewa, wani ya ce an lalata kayan makaranta. Ba a lalata ba, haka hanyar take. A ɗauko lamba ta gaba, a juya hannu: idan da farko daga hagu zuwa dama aka yi, yanzu daga sama zuwa ƙasa. Hikimar juyawar ita ce za ku iya gani da idonku lokacin da layukan baya suka ƙare. Ku share wurin, ku haska tocilan daga gefe. Muddin akwai layi ko ɗaya mai bin tsohuwar hanya, ba a gama ba. Kuma kowane mataki a faɗaɗa wurin kaɗan fiye da na baya. Idan aka tsaya a ɗan wuri guda ana ci, za a yi kwarmi, kwarmin kuma ya zama tabarau, kifi ya zo wucewa ku ga kansa ya kumbura.

Tsallake lamba shi ne kuskuren da ya fi yawa. Mutum ya gaji, ya tashi daga 600 ya faɗa 2000, ya shafe awa yana gogawa, layukan 600 suna nan suna kallonsa. Daga 600 sai 800, sai 1200, sai 1500, sai 2000, in an samu 2500 ko 3000 a ƙara. Tsakanin kowace a canza ruwa a wanke hannu, saboda ƙwaya ɗaya ta mai kaushi idan ta bi ku zuwa gaba sai ta maido ku baya.

Bayan ta ƙarshe wurin zai zama kamar gilashin da aka hura wa numfashi. Saura man gogewa. Wanda aka yi don roba ya fi, masu kayan mota kan sayar da shi da sunan man goge fitila. In babu, farin man goge baki yana yi, ba mai kama da jeli ba, domin a cikinsa akwai gari mai laushin gaske da aka sa don ya kankare haƙori. Yana da jinkiri, sai an maimaita sau da yawa. A sa shi a auduga ko tsohuwar singileti mai laushi da aka wanke, a nan kam a zagaya, a danna kaɗan, har sheƙi ya fito. Wasu suna sa Brasso, yana kuma aiki, amma mu dai ba za mu kai shi cikin akwatin da kifi zai zauna ba. Ko man goge bakin ne aka sa a ciki, a ɗauraye sau biyar ko shida, a cika shi ya kwana, a zubar, sannan a zuba ruwan kifin. Idan na famfo ne a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu don sinadarin kulorin ya fice, a kuma haɗa da tsohon ruwan da ke bokiti.

Akwai abin da samfefa ba ta gyarawa. Idan kuka ga layi ya ratsa kaurin robar har ana ganinsa daga baki, ko ya taso daga kusurwa inda aka manne bango biyu, wannan tsagewa ce. Gogewa ƙara masa rauni za ta yi. Irin wannan akwati ya gama da ruwa, sai dai a zuba masa ƙasa a shuka wake a jikin bango a riƙa kallon yadda saiwa ke sauka, ko a yi kiwon dodon koɗi. Haka nan idan kuka ga 'yan tsage-tsage sirara kamar yanar gizo-gizo suna ƙyalli daga cikin robar, aikin sinadari ne. Fetur, tina, ruwan goge farce, sanitaiza da ruwan wanke gilashi duk suna yi wa akirilik haka. Wani zai ba ku shawarar ku bi wurin da wutar laita don ya yi sheƙi. A masana'anta ana yin wani abu mai kama da haka a bakin allo, amma wannan roba tana kamawa da wuta, kuma wurin da ya sha zafi shi ke fara tsagewa daga baya. Ku bar wannan.

Kada kuma daɗin nasara ya ja ku zuwa fuskar waya ko tabarau. Fuskar waya gilashi ce mai shafi na musamman a sama, samfefa za ta cinye shafin ta bar karcen. Tabarau na likita kuwa lanƙwasarsa ita ce maganin, ga shafe-shafe a kansa, kuna gogewa kun canza shi. Garin neman gira a rasa ido ke nan, a zahiri.

Inda wannan ilimi zai yi muku rana a wajen makaranta shi ne fitilar mota da ta babur da ta Keke Napep. Ku tsaya a bakin titi a Gusau da yamma ku ƙirga motoci nawa ne fitilarsu ta koma ruwan ɗorawa ta dushe. Direban da ya taso daga Funtuwa magariba ta riske shi a hanya da irin wannan fitila, rabin haskensa a cikin murfin yake tsayawa, kuma sau da yawa sai ya yi ta canza ƙwan fitila yana zaton shi ne ya mutu. Murfin ba akirilik ba ne, wata roba ce da ta fi shi jure duka, ana ce mata folikabonet, irin wadda ake yin faifan CD da ita. Rana ce take ƙona fatarta. Matakan gyaran iri ɗaya ne, daga 800 zuwa 2000 ko 3000 da ruwa, sannan mai. Bambancin shi ne a manna salatif a kewaye don kada a ci fentin motar, kuma bayan an gama sai an fesa farin fenti mai kare hasken rana, irin wanda masu fenti ke rufe aiki da shi. In ba haka ba, cikin 'yan watanni za ta koma yadda take, mai mota ya ce kun cuce shi. Ɗalibin da ya iya wannan da kyau, da izinin iyayensa, ba zai rasa na sayen littafi a dogon hutu ba.

Amma kada a koyi aski a kan akwatin makaranta. Ku je wurin masu rubuta allon talla ku roƙi guntayen Perspex da suka yanke suka zubar. Ku karce ɗaya da ƙusa da gangan, ku bi matakan nan har ya dawo garau, ku kai wa malamin kimiyya ya gani da idonsa kafin ku nemi izinin taɓa na ɗakin gwaje-gwaje. Ko a kansa ma, a fara da kusurwar baya ta ƙasa.

Idan an gama, kulob ya rubuta doka a manna a gefen akwatin. Ba a taɓa shi da busasshen tsumma. A fara kwarara ruwa, sannan a bi da tsumma mai laushi wanda aka ware masa shi kaɗai, ana ajiye shi a leda. Gansakuka a kankare ta da tsohon katin ATM, a tsaya yatsa biyu sama da yashi don kada katin ya ɗebo ƙwaya. A janye akwatin daga taga, domin rana ce ke haifar da gansakukar. Da hunturu kuma a yafa masa tsohon zani idan an tashi daga makaranta, a bar 'yar kafa ta sama don iska.

Duk kulob ɗin da ya gwada, daga Tsafe ne ko Bunguɗu ko cikin Gusau, ya aiko mana da hoton kafin da na bayan ta hannun editan wannan shafi, ya kuma faɗa mana lambar samfefar da ya fara da ita. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba dalilin da ke sa kifi taruwa a saman ruwa suna haki da asuba a watan Afrilu.